Kaki

kaki (suna, namiji). 1. Yadi mai kauri, launin ƙasa, mai jure wanki da ƙura. Sojojin Ingila ne suka fara ɗinka shi a Indiya wajen 1848, Turawan mulkin mallaka kuma suka kawo shi ƙasar Hausa, suka sa wa soja da masinjojin ofis.

2. Kayan aikin ma'aikatan tsaro, ko da launinsu ya sauya. Ɗan sandan Najeriya baƙi ko shuɗi yake sawa yau, amma sunan bai bar shi ba. Masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973, su ma nasu kakin ne: riga da wando kore-kore, farar singileti, hana-salla da but. Ana sa masa sitaci a goge har karin wandon ya tsaya cak. Wanda ya sa shi amana ya ɗauka, bai kamata ya tsorata talaka da shi ba.

*Masu kaki*: sojoji, musamman a zancen mulki. *Tuɓe kaki*: barin aikin soja. "Ya tuɓe kaki ya shiga siyasa."