Tarihin Gadon Zama da Ƙailula a Zariya

Gadon zama shi ne makwancin da ake amfani da shi dare da rana, watau a zauna a kansa a yi hira ko a tarbi baƙo, a kishingiɗa a yi ƙailula da tsakar rana, sa'an nan idan dare ya yi a miƙe a kansa a yi barci. Dalilin tara wannan bayani kuwa shi ne, marubutan da suka tsananta bincike a kan gine-ginen Zazzau, irin su Schwerdtfeger wanda littafinsa ya fito a 1982, da Moughtin a 1985, sun fi mai da hankali ga zaure da soro da bakan gizo da fasalin gida, har abin da mutanen gidan ke kwana a kansa ya zama sai dai a tsinto shi nan da can.

Kowa ya san cewa irin wannan gado daɗaɗɗe ne a duniya: Rumawa a kishingiɗe suke cin abincin walima, mutanen arewacin Sin suna da gadon tubali da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, alhazanmu na ƙafa kuma sun tarar da angarib a Sudan, gadon katako mai saƙar igiya. Game da magabatanmu kuwa, mazansu ba su ɗauki gado abin ado ba, musamman malamai, waɗanda suka karanta a Shama'ilu ta Imamu Tirmizi cewa shimfiɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Kuma Baturen nan matafiyi Clapperton, da ya shiga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, a kan 'yar shimfiɗa ya same shi zaune. Namiji yana da buzu da tabarma a zaure, da dakali a ƙofar gida, sarki yana da karaga. Gado na sosai, na ɗakin mace ne.

Mafi muhimmanci cikin gadajen dā shi ne gadon ƙasa. Da irin ƙasar da aka gina ɗakin ake gina shi, a jingine da bango, a bar rami a ƙarƙashi mai ƙofa ta gefe, a daɓe samansa da makuba har ya yi santsi, a ɗora tabarma. Idan hunturu ya kama a zuba garwashi a ramin, ɗumi ya ratsa ƙasar ya kwana yana tasowa. A kansa tsohuwa ke zama ta yi kaɗi, a kansa ake jinyar majinyaci, a kansa kuma mai jego ke kwanciya bayan wankan ruwan zafi har ta yi arba'in. Wanda bai da halin wannan sai ya yi gadon kara, ko na tukurwa, wanda ba shi da nauyi, ana iya fita da shi tsakar gida lokacin bazara.

Abin mamaki, wani muhimmin bayani da aka rubuta a kan aikin wannan gado a Zariya daga hannun likitoci ya fito, kuma a matsayin abin tuhuma ya shiga littafi. A zamanin da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake Tudun Wada, tun kafin ya koma Shika a 2005, likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi saboda gazawar zuciya, suka bi lamarin mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Hujjarsu ita ce, kanwar da ke cikin kunun mai jego tana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana ƙara wa zuciya aiki, shi ya sa cutar ta fi tsananta a watannin zafi da damina. Wannan magana ta yi shekaru ana karantar da ita tamkar nassi. Amma daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga Kano, wanda wani sashensa ya fito a 2015, ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar, kuma da aka faɗaɗa binciken zuwa asibitoci da dama na ƙasar nan, talauci da rashin abinci mai gina jiki ne suka fito fili, al'adun jego ba su tabbata a matsayin sanadi ba. A ganin mai wannan rubutu, ƙaulin na biyu ya fi ƙarfi a kan matan yau, sai dai bai rushe na farko ɗungurungum ba, domin matan da aka duba a bayan nan kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa kwanciya a kan gadon wuta irin na kakanninsu.

Zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911, da kafuwar Sabon Gari da kantunan Turawa, shi ya buɗe wa gadon ƙarfe hanya, ko da yake bai zama ruwan dare ba sai da aka fara ƙera shi a ƙasar nan, kamar a masana'antar iyalan Moukarim da aka kafa a Kano a 1959. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora wa amarya yin kayan ɗaki da sadakin da ta karɓa gwargwadon al'ada, al'adar Hausa kuwa ta mai da nauyin kan uba, ta kuma ninka shi. Ta haka aka sami gado mai rumfa, wanda ake jibga wa katifun rimi da matasai masu ado har sai an taka kujera kafin a hau, a jera tasoshi da kwanonin samira a ƙarƙashinsa da gefensa. Galiban wannan gado na kallo ne, 'yan ganin ɗaki su yaba. Ƙaramin gadon da ke ɗaya ɓangaren, shi ne na zama da ƙailula da barci. Katifar soso, wadda kamfanin Vitafoam da aka kafa a 1962 ya yaɗa, ita ta kori ta rimi, kuɗin ƙarin albashin Udoji na 1975 kuma suka shigo da gadon katako mai fomeka da kujerun kushin cikin gidajen ma'aikata.

A yau kuwa, a unguwar Hanwa ta Zariya, wadda asalinta ƙauye ne kafin gari ya cim mata ta hanyar Samaru, sabon fasalin gini mai falo da uwar ɗaka ya raba aikin da gado ɗaya yake yi a dā: barci ya koma ciki, zama ya dawo kan doguwar kujera mai ɗaukar mutum uku, wadda ita ce makwancin baƙo da ƙanen maigida. Kafintoci da masu walda na bakin titi suna haɗa wa ɗalibai da masu ɗaki ɗaya siririn gado mai majingina, wasu magidanta kuma sun koma ga katifun ƙasa da tumtum irin na majalisar Larabawa.