Daga Azara Zuwa Lissafin Macaulay

Wanda ya ɗaga kai a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, zai ga azara jere tana ɗauke da rufin ƙasa. Maginanmu sun daɗe da sanin cewa azarar giginya takan sunkuya idan tazara ta wuce kimanin ƙafa 6, shi ya sa suke rage tazarar da tauyi, ɗaki mai faɗi kuwa su yi masa bakan gizo. Ƙarfi biyu suke fama da su: mai lanƙwasawa, wanda ya fi tsanani a tsakiya, da mai yankewa, wanda ya fi tsanani a bakin bango.

A Turai, Galileo ya tattauna karyewar gungume a 1638, amma lissafin ya daɗe da wuya, domin kowane nauyi yakan raba gungumen gida-gida, kowane gida da nasa lissafi. Clebsch a Jamus, 1862, sannan W. H. Macaulay na Kambirij, 1919, suka dunƙule su a jimla guda: kowane nauyi ana sa shi cikin baka, ana ɗaukarsa sifiri har sai awo ya iso inda ya sauka.

A ganinmu, kuskure ne a ɗora wannan hanya kan rufinmu kai-tsaye. Don miƙaƙƙen gungume aka tsara ta, bakan gizo kuwa lanƙwasasshe ne, azarorinsa ɗaure cikin laka, ga shi rufin ƙasa yakan ƙara nauyi da damina.