Yaran Yahudawa a zamanin Petain

Ƴan uwa na Mallawa, Magariya da Dungas.

Daga 1940 zuwa 1942, ƙasarmu tana hannun gwamnatin Vichy ta Mareshal Petain, lokacin da kakanninmu ke shan wuyar aikin dole. To, wannan gwamnatin ce ta taya Jamus farautar Yahudawa can Faransa.

Ran 16 da 17 ga Yuli 1942, ƴan sandan Faransa suka kame Yahudawa sama da 13,000 a Paris, cikinsu yara fiye da 4,000. Aka raba yaran da uwayensu, aka loda su jirgin ƙasa zuwa sansanin Auschwitz.

Wanda ya karanta littafin Joseph Joffo, "Un sac de billes", ko ya ga fim ɗinsa, ya san yaro ɗan shekara 10 da ya gudu tare da wansa, suna ɓoye asalinsu har suka tsira. Amma a ƙauyen Izieu, a 1944, yara 44 aka kwasa daga gidan da aka ɓoye su, ko guda bai dawo ba. Wanda ya tsira shi ke ba da labari.

Allah ya kiyaye mana ƴaƴanmu, amin.