Kaluluwa a wuya: yadda ciwon barci ya yi wasa da sojojin jini, daga Anchau zuwa Kaduna

Mai karatu, akwai wani ɗan fim da ke yawo a intanet wanda bai kai minti ɗaya ba. Ba magana, ba kiɗa, ba launi. Wani likita mai suna David Rogers ne ya ɗauke shi a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka cikin shekarun 1950, da kyamara da madubin likita. Jarumin fim ɗin farar ƙwayar jini ce guda ɗaya, tana kutsawa tsakanin jajayen ƙwayoyi, tana bin wata 'yar ƙwayar cuta. Duk inda ta karkata sai ta karkata, har ta cim mata ta haɗiye. Na sha kallon bin mota a finafinan Indiya da na Amurka, amma ban ga wanda ya fi wannan tsari ba, kuma ba darakta a wurin.

Irin wannan farauta tana gudana a jikinka yanzu haka. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ɗaya daga cikin maƙiyan da suka fi ba waɗannan mafarauta kunya a duniya, a ƙasar nan tamu aka yi ta fama da shi. Daga nan Unguwar Kanawa zuwa Titin Surame da ke Unguwar Rimi tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma a can hedikwatar Cibiyar Binciken Ciwon Barci ta Nijeriya take. An kafa ta a 1947 a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma baki ɗaya, da reshe a Vom, sannan ta koma hannun Nijeriya a 1964. Da yawanmu muna wucewa ta wurin ba mu taɓa tambayar me ya kawo ta Kaduna ba.

Bari mu fara da kaluluwa, tunda kowa ya san ta. Ka yi tuntuɓe, yatsa ya yi miki, bayan kwana biyu sai ka ji wani ƙullutu a matsematsi. Me ya haɗa yatsa da matsematsi? Ga yadda abin yake. Ɓargon ƙashinka yana ƙera fararen ƙwayoyin jini irin na fim ɗin Rogers kimanin biliyan 100 kowace rana, jini yana yawo da su. Da zarar cuta ta shiga wani wuri, naman wurin sai ya saki wasu sinadarai, bangon jijiyar jinin da ke kusa ya yi danƙo. Ƙwayoyin da ke wucewa da gudu sai su rage sauri, su riƙa mirginawa a jikin bangon, su manne, sannan su matse jikinsu su sulale ta tsakanin tubalan bangon su fita waje, suna bin warin sinadarin nan har inda maƙiyi yake. Wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya zauna ya kalli wannan fita da idonsa a jikin kwaɗo tun 1867. Mugunyar da kake matsewa daga ƙurji, yawancinta gawarwakin waɗannan ne.

Su dai 'yan gaba-dai-gaba-dai ne, ba sa tambayar sunan maƙiyi. Akwai wasu kuma masu aikin leƙen asiri. Su sukan yanki wani ɓangare na jikin maƙiyin, su bi wasu siraran hanyoyin ruwa da ke ƙarƙashin fata har zuwa bariki mafi kusa, wato ƙullutun matsematsi ko hammata ko wuya. A barikin ne ake nuna wa wasu ƙwayoyi da ake kira limfosayit abin da aka samo. Kowace ɗaya cikinsu fuska ɗaya tak ta iya ganewa, shi ya sa ba sa zama wuri guda. James Gowans na Jami'ar Oksfod ya nuna a 1959 cewa kullum cikin zagaye suke, daga jini zuwa bariki, daga bariki su koma jini. Ranar da wadda ta dace ta yi kiciɓis da fuskar da ta sani, sai ta tsaya ta hayayyafa, dubbai a kan dubbai. Wannan cunkoso shi ne kumburin da kake ji. Cikin kamar mako guda sai su fara zuba wani dafi a jini wanda aka ɗinka daidai jikin wannan maƙiyi shi kaɗai, likitoci suna ce masa antibodi.

To, ciwon barci fa? Ƙudan tsando ne ke kawo shi, kuma a ƙasashenmu na yamma alamarsa ta farko da ido ke gani ita ce kaluluwa a bayan wuya. Tsohon ciwo ne. Ibn Khaldun ya rubuta cewa Sarkin Mali Mari Jata na biyu ya yi fama da barcin da ba ya sakinsa har ya rasu wajen 1373. A 1803 wani likitan Ingila da ya yi aiki a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya ba da labarin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi: fataken bayi sukan shafa wuyan mutum kafin su saya, in sun ji ƙullutu sai su fasa ciniki. Ba su san ƙwayar jini ba, ba su san tsando ba, amma sun san wannan haja ba za ta yi ƙarko ba. Littattafan likitanci har gobe da sunan Winterbottom suke kiran wannan alama, ko da yake a kasuwar bayi ya tsince ta.

Ita ƙwayar cutar ba a gan ta a jinin mutum ba sai 1901, a Gambiya, a jinin wani Bature mai aikin jirgin ruwa. Joseph Dutton ya raɗa mata suna a 1902, kuma a 1903 aka tabbatar a Yuganda cewa ita ce ke sa barcin, tsando kuma shi ne ɗan aikenta. Siririya ce, mai wutsiya, tana wutsil-wutsil tsakanin jajayen ƙwayoyi kamar tarwaɗa a kwalbati. Sunanta tirifanosoma.

A Arewa, abin ya ɓaci ne bayan zuwan Turawa. Da aka daina yaƙe-yaƙe, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin daji, suka kafa ƙauyuka a bakin rafuka, inda tsando ke fakewa a inuwar kurmi. Ga hanyar jirgin ƙasa, ga leburorin haƙar kuza a Jos suna kai da kawo, kowa na ɗauke da abin da ke jininsa. Aka buɗe tashar bincike a Sherifuri ta ƙasar Katagum cikin shekarun 1920, daga baya ta koma Gadau. Daga 1931 zuwa 1940 ma'aikatan ciwon barci, ƙarƙashin Dokta H. M. O. Lester, sun duba mutane sama da miliyan 3, suka sami masu cutar fiye da 300,000. Kuma da me suka duba su? Da yatsu. Dagaci zai tara gari, a yi layi, ma'aikaci ya bi yana shafa wuya ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ji ƙullutu a fitar da shi gefe, a soka allura cikin ƙullutun, a ɗiga ruwan a gilashi a leƙa. Wato dai hannun da ya shafa wuya don ciniki shi ne ya dawo yana shafawa don magani, kuma kada ka ɗauka tausayi ne zalla: gwamnatin da ke son haraji da leburori ba ta son talakawanta su yi ta gyangyaɗi.

Anchau, wadda yanzu take Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna, na cikin wuraren da abin ya fi muni, don a can an sami kusan mutum uku cikin goma da cutar. Daga wajen 1937 aka fara wani gagarumin aiki da sunan T. A. M. Nash, masanin ƙwari, ya fi fita a kansa. Aka sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mil 70, aka taso mutanen ƙananan ƙauyuka aka tara su wuri guda, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Cutar ta ja da baya sosai, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka ce ya bar gonar ubansa da kushewar kakanninsa, ba shawararsa aka nema ba.

Tambayar da ta rage ita ce wadda ta fi ba ni sha'awa. Kumburin wuyan nan shaida ne cewa bariki ya cika, sojoji sun fito. To me ya sa ba sa cin yaƙin? Tun 1910 Ronald Ross da David Thomson a Libaful suka riƙa ƙirga ƙwayoyin cutar a jinin wani majinyaci kullum. Sai suka ga adadin yana hawa, ya faɗi warwas kamar an gama, bayan kamar mako guda ya sake hawa, zazzaɓi na biye da shi. Haka ya yi ta yi wata da watanni. A Vom, cikin shekarun 1960, wani mai bincike na cibiyar nan tamu, A. R. Gray, ya bi diddigin abin a jikin dabbobi, ya nuna cewa zuriyar ƙwaya ɗaya tak tana fitowa da sabuwar kama bayan sabuwar kama, har da wani ɗan tsari na wadda ke riga wata fitowa. Keith Vickerman ya hango rigar da ke lulluɓe da ƙwayar a 1969, George Cross kuma ya gano abin da aka saƙa ta da shi a 1975.

Kai da ka saba kallon finafinanmu ba sai an wahalar da kai da bayani ba. Waƙa ɗaya, jaruma ta fito da atamfa, kafin amshi ta koma leshi, kafin baiti na uku ga ta cikin shadda. To ita tirifanosoma akwatinta na ɗauke da tsarin riguna wajen 2,000, kuma tana iya yanko hannun wannan ta haɗa da wuyan waccan ta fitar da sabuwa. Jiki zai ɓata mako guda yana ɗinka dafin mai jar riga, ya kashe kusan duka, amma 'yan ƙalilan sun riga sun sake kaya, su ne za su hayayyafa. A koma bariki, a sake sabon ɗinki. Wannan ne dalilin da har yau babu allurar rigakafin ciwon barci.

Ƙarshen labarin ya fi baƙin ciki, kuma a Zariya aka warware wani sashe nasa. Brian Greenwood da Hilton Whittle, suna Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970, sun auna jinin masu cutar suka ga ya cika maƙil da antibodi, mafi yawansa na banza, alhali in aka yi wa majinyacin rigakafin wata cuta daban jikinsa ba ya amsawa yadda ya kamata. An gajiyar da rundunar da harbin iska. Bayan watanni ko shekaru ƙwayar takan tsallaka cikin ƙwaƙwalwa, fararen ƙwayoyin jini su bi ta can, su yi dafifi kewaye da jijiyoyin jini. Kumburin da ba ya kisa a wuya, a cikin ƙoƙon kai ba shi da wurin zuwa. Daga nan agogon barci ke rikicewa, mutum ya yi gyangyaɗi da rana tsaka da loma a hannu, da dare kuma ido biyu, hali ya canza har dangi su ce iska ce ko sammu. Kaso mai yawa na wannan ɓarna aikin masu tsaron gidan ne da kansu.

Magungunan farko ma ba su da sauƙi. Wanda aka yi ta yi wa mutanen Anchau allurarsa, mai sinadarin asinik, yakan taɓa ido, wasu har su makance. Melasofurol da ya fito a 1949 yana warkar da wanda cutar ta kai ƙwaƙwalwa, amma yakan kashe kimanin mutum ɗaya cikin 20 da aka ba. Sai a 2018 aka amince da feksinidazol, ƙwaya ce da ake sha kwana goma, kuma a shekarar ne adadin sababbin masu cutar da aka kai rahoto a duniya ya sauko ƙasa da 1,000. Togo ta sami shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 cewa cutar ta daina zama barazana gare ta, Gana a 2023, Cadi a 2024.

Sai dai a 2016 masu bincike sun gano ƙwayar tana laɓewa a cikin fata da kitse, inda gwajin jini ba ya ganin ta, don haka mai yiwuwa wasu da aka shafa wuyansu aka sallama a layin dagaci sun koma gida da ita. 'Yan'uwanta kuma masu kama dabbobi ba su je ko'ina ba. Su ne sammoren da ke ramar da shanun Fulani duk lokacin da suka gangara kudu neman ciyawa, kuma da irin wannan canjin riga suke kayar da garkuwar saniya. Shi ya sa har yanzu ake nazarin tsando a cibiyar Titin Surame.