Matsayin matasa a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya

Taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da COP, zama ne da ƙasashe ke yi tun daga shekarar 1995 domin cimma matsaya kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kuma tallafa wa ƙasashen da matsalar ta fi shafa. Matasa na da gurbi a taron, amma na masu sa ido ne: suna da damar magana, gwamnatoci ne ke yanke hukunci.

Asali

An fara bai wa matasa wannan gurbi a taron ƙoli kan muhalli da aka yi a birnin Rio na ƙasar Brazil a 1992. Kundin da aka amince da shi a can, wato Ajanda 21, ya sanya yara da matasa cikin rukunoni tara na al'umma da ya kamata a riƙa jin ta bakinsu. A taron ne Severn Cullis-Suzuki, 'yar Kanada mai shekara 12, ta yi wa wakilan ƙasashe jawabi.

A 2005, matasa suka fara gudanar da nasu taron mai suna COY a birnin Montreal, gabanin zaman COP. A 2009 aka amince da gamayyarsu, YOUNGO, a matsayin wucin gadi, sannan aka tabbatar da ita a 2011.

Hanyoyin shiga

Matashi na halartar COP ne ta ƙungiyar da aka tantance a matsayin mai sa ido, ko kuma a cikin tawagar ƙasarsa. Bambancin na da muhimmanci, domin ana rufe wasu ɗakunan tattaunawa ga masu sa ido, yayin da ɗan tawagar ƙasa ke iya shiga. Gamayyar YOUNGO na gabatar da jawabi a zauren taro, tana kuma miƙa wa shugabancin taron takardar buƙatun da matasa suka tsara a COY.

A taron COP27 da aka yi a Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 ne aka fara ware wa yara da matasa rumfa ta musamman.

Tasiri

Misalin da ya fi fitowa fili ya samo asali ne daga tsibiran tekun Fasifik. A 2019, wasu ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik suka fara kiran a nemi fatawar Kotun Duniya da ke Hague kan nauyin da ke wuyan ƙasashe game da sauyin yanayi. Gwamnatin Vanuatu ta ɗauki batun, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Maris na 2023, kotun kuma ta bayar da fatawar a watan Yulin 2025. Buƙatar ta kai gaci ne bayan wata gwamnati ta mayar da ita tata.

Daga Najeriya, Adenike Oladosu ta halarci COP25 a birnin Madrid a 2019, kuma ta yi suna wajen jan hankalin duniya kan ƙafewar Tafkin Chadi, wanda manoma da makiyaya da masunta na Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka dogara da shi.

Ƙalubale

Tsadar tikitin jirgi da masauki, jinkirin samun biza da ƙarancin katin shiga na rage yawan matasan Afirka a taron, alhali nahiyar ce ta fi kowace yawan masu ƙananan shekaru a cikin al'ummarta. Akasarin tattaunawar ma da Ingilishi ake yi. Don haka ƙungiyoyin matasa ke neman gwamnatoci su sanya su cikin tawagogin ƙasa, su horar da su kan dabarun tattaunawa, su kuma saurare su tun a gida lokacin da ake tsara matsayar ƙasa.