Ƙishirwa ko Yunwa: Batun Ƙara wa Hatsin Ot Taki a Shekarar Fari

Akwai ra'ayin da ke tasowa duk sa'ad da fari ya taɓa gonakin ot, wato Avena sativa: tunda shukar da ta rasa ruwa abinci kaɗan take ɗauka daga ƙasa, sai a ƙara mata takin naitirojin don cike giɓin. Tushen maganar gaskiya ne. Tun aikin Stanley Barber na Jami'ar Purdue a 1962 aka san cewa naitiret, wato wani nau'in naitirojin, yana isa saiwa ne cikin ruwan da shuka ke zuƙa, fosforas da fotashiyam kuwa suna matsowa a hankali ta siririn danshin da ya lulluɓe ƙwayoyin ƙasa. Da ƙasa ta bushe, ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa, hanyoyin nan biyu sun ƙuntata. Ot kuma hatsi ne mai shan ruwa fiye da alkama da dawa, kamar yadda awon Briggs da Shantz a Akron ta jihar Kolorado ya nuna tun farkon ƙarni na 20. Hukuncin da aka ɗora kan wannan tushe shi ne abin da nake ganin bai tsaya ba.

Masu wannan ra'ayi sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba: jimillar abin da shuka ta ɗauka, da yawan abin da ke cikin kowane giram na jikinta. Abin da fari ke fara dakatarwa shi ne faɗaɗar ganye da fitar 'ya'ya daga gindi, don haka buƙatar abinci takan ragu daidai da raguwar samunsa, wani lokaci ma ta fi shi raguwa. Shi ya sa tsabar shekarar fari takan fito a motse, sitaci kaɗan, amma kason furotin ya hau. Hujja mafi ƙarfi tana cikin kara. Idan ruwa ya yanke, shuka takan kasa sarrafa naitiret ɗin da ta riga ta zuƙa, ya taru a gindin kara har ya zama guba ga shanun da aka ba ciyawar, matsalar da makiyayan Amurka suka daɗe da sani game da ot. Shukar da naitirojin ya yi mata yawa har ta kasa narkar da shi, da wuya a ce yunwarsa ce ta kassara ta. A 2021, lokacin da fari ya kama Saskacewan da Manitoba, amfanin ot na Kanada ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma a gonakin da ba a san su da ƙarancin taki ba.

Sukar da ta cancanci amsa ita ce wadda ke jingina da Frank Viets, wanda ya nuna a 1962 cewa shuka mai wadataccen abinci ta fi cin moriyar kowane ɗigon ruwa. Haka ne, kuma dole in taƙaita da'awata saboda shi. Fosforas da aka binne kusa da iri ranar shuka yana taimaka wa saiwa ta nutsa, fotashiyam kuma yana da hannu a buɗewa da rufewar ƙofofin ganye. Ban ga dalilin hana su ba. Amma Viets yana magana ne kan gonar da abinci ya gaza mata alhali akwai ɗan ruwa. Inda ruwa ke ƙarewa kafin zangarniya ta ƙosa, naitirojin mai yawa yakan sa shuka ta yi ganye luf-luf da wuri, ta shanye danshin ƙasa kafin fure, ta bar tsaba babu abin cikawa. Van Herwaarden da abokan aikinsa sun bayyana wannan a Ostareliya a 1998. Gwajinsu kan alkama ne, saboda haka ɗaukar sakamakon zuwa ot kai-tsaye yana buƙatar hattara, ko da yake hatsin da ya fi alkama ƙishirwa ba shi da alamar zai tsira daga abin da ya kayar da ita. Iyakar abin da hujja ta ba ni dama in ce shi ne a raba naitirojin kashi biyu, a riƙe kashi na biyun har sai an tona an ga danshi a inda saiwa take.