Yacou le Chinois da Sarautar Kurkuku: Nazari kan Yadda Hukuma ke Renon Ɗan Daba a Abijan

Gabatarwa

Babban ɗan daba ba ya yin suna da ƙarfin damtsensa kaɗai, domin kafin ya kai matsayin da zai riƙa karɓar haraji daga hannun talakawa, sai an sami masu iko da suka ba shi makami, ko suka sa shi aiki, ko kuwa suka kawar da kai daga abin da yake yi saboda amfanin da suke samu. Wannan maƙala ta ɗauki rayuwar Coulibaly Yacouba, wanda mutanen Abijan suka fi sani da laƙabin Yacou le Chinois, wato Yakubu Basine, domin ta gwada wannan magana. Yacou ɗan fashi ne da ya shiga rigar soja a lokacin rikicin zaɓen ƙasar Kodebuwa, ya koma kurkuku, ya mallake shi har ranar 20 ga Fabrairun 2016 da aka kashe shi a ciki. Labarinsa ya shafi Hausawa kai tsaye, saboda dubbansu daga Nijar da Nijeriya suna neman abinci a kasuwannin Adjamé da Treichville, kuma irin su ne suka fi biyan farashin tsarin da ya haifar da shi.

Tushen Daba a Adjamé da Treichville

Tun daga 1934 da Abijan ta zama babban birnin mulkin mallakar Faransa a Kodebuwa, Turawa suka keɓe wa kansu unguwar Plateau, suka bar Treichville a kudu da Adjamé a arewa ga 'yan ƙasa da baƙin da suka zo ƙwadago. Da aka buɗe mashigin ruwan Vridi a 1950, aka kafa tashar jiragen ruwa, sai waɗannan unguwanni biyu suka cika da Julawa da Mosawa da Yarabawa da Zabarmawa da Hausawa, har ya zama cewa abincin da talakan birnin ya fi dogara da shi, wato dambun rogo da soyayyen kifi, ana kiransa garba, da sunan 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Adjamé ta zama mahaɗar tashoshin mota da manyan kasuwanni, Treichville kuma, da babbar kasuwarta da kasuwar Belleville, ta zama matattarar 'yan tireda da masu sana'ar dare.

Faɗuwar farashin koko da kofi a shekarun 1980 ta kawo ƙarshen bunƙasar da ƙasar ta yi tinƙaho da ita a zamanin Shugaba Félix Houphouët-Boigny, kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara tsananta rayuwar birni. A wannan zamani ne matasan da makaranta ta kora, kasuwar aiki kuma ta ƙi karɓa, suka kafa wa kansu wata duniya mai harshenta, wanda ake kira nushi, gaurayen Faransanci da Julanci da wasu harsunan ƙasar. Ƙarfafan cikinsu, masu ɗaga ƙarfe da koyon dambe irin na finafinan Sin, su ake kira lubar ko zigehi, kuma tsarinsu ya ginu a kan dangantakar uba da ɗa: babba, wanda suke kira tsohon uba, yana ba yaro kariya da wurin kwana da aiki, yaro kuma yana kawo masa kaso daga abin da ya samo. A tashoshin Adjamé wannan tsari ya sami hanyar kuɗi mai ɗorewa ta hannun nyamboro, matasan da ke tsayawa da sunan ƙungiyoyin sufuri suna karɓar kuɗi daga direbobin gbaka, ƙananan motocin safa, da na woro-woro, tasin haɗaka, a kowane lodi. Aikinsu ya yi kama da na 'yan kamasho a tashoshin ƙasar Hausa, illa dai direban da ya ƙi biya yana fuskantar duka ko fasa gilashin mota.

Siyasa ba ta daɗe ba ta gano amfanin waɗannan ƙarfafa. Lokacin da aka koma tsarin jam'iyyu da yawa a 1990, an yi ta zargin jam'iyya mai mulki ta PDCI da ɗaukar lubar domin murƙushe zanga-zangar ɗalibai, zargin da ya kai ga ɗalibai suka kashe Thierry Zébié a watan Yunin 1991 bisa tuhumar cewa shi ne jagoran lubar a jami'a. Bayan juyin mulkin Janar Robert Guéï na 24 ga Disambar 1999, sojoji suka shiga farautar manyan 'yan daba ba tare da shari'a ba, kuma John Pololo, wanda ya fi kowa suna a cikin zigehi, yana cikin waɗanda aka kashe a shekarar 2000. Tun daga nan aka ga salon da zai riƙa maimaituwa, wato a yi amfani da ɗan daba lokacin da ake buƙatarsa, a harbe shi lokacin da ya zama abin kunya, a bar hanyoyin kuɗin da suka raya shi yadda suke.

Daga Fursuna zuwa Soja, daga Soja zuwa Fursuna

Gidan yarin MACA, wanda yake Yopougon a gefen dajin Banco, an buɗe shi a 1980 domin ɗaukar mutum 1,500, amma kafin rikicin zaɓe yana ɗauke da fiye da 5,000. Zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 28 ga Nuwambar 2010, tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara, ya jefa ƙasar cikin yaƙin da ya ci rayukan mutum kimanin 3,000, kuma a ƙarshen Maris na 2011, yayin da dakarun Ouattara ke shiga Abijan, ƙofofin MACA suka buɗe, fursunoni suka watse cikin gari. Yacou yana cikin waɗanda suka fita, bai kuma ɓata lokaci ba ya shiga sahun rundunar FRCI, wadda Ouattara ya kafa ranar 17 ga Maris na wannan shekara ta hanyar haɗa tsofaffin 'yan tawayen arewa da sojojin da suka yi masa mubaya'a.

Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci a rayuwarsa, domin a cikin 'yan makonni mutumin da kotu ta sani a matsayin mai laifi ya zama mai ɗaukar bindiga da sunan gwamnati. Rundunar tana buƙatar waɗanda suka san lungunan Abobo da Adjamé da Yopougon, ba ta da lokacin tantance wanda ya zo, saboda haka ta karɓi direbobi da 'yan tasha da tsofaffin fursunoni. Bayan kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilun 2011, da yawa daga cikin waɗannan mayaƙa ba su sami lambar soja ko albashi ba, amma bindigoginsu na hannunsu, kuma sun ƙulla abota da kwamandojin da suka zama manyan jami'an tsaro. Hukumar kwance ɗamara ta ADDR, wadda aka kafa a 2012, ta ƙiyasta cewa tsofaffin mayaƙan da za ta yi aiki a kansu sun kai kimanin 74,000. Yacou ya koma fashi da makami, aka sake kama shi, yana da hukuncin ɗaurin shekara 20 a kansa, ya koma MACA, wadda aka sake buɗewa a Agustan 2011, amma a wannan karon ya shiga ne a matsayin tsohon mayaƙin ɓangaren da ya yi nasara.

Mulki a Bayan Katanga

Kurkukun da ke ɗauke da ninki uku na adadin da aka gina shi dominsa, gandurobobinsa kuma ba su da yawa, ba su da albashin kirki, dole ne ya jingina da fursunoni wajen tafiyar da kansa. Tun kafin Yacou, kowane gini a MACA yana da shugaba daga cikin ɗaurarru, kowane ɗaki yana da nasa, kuma su ke raba wurin kwana, su ke sasanta rigima, su ke karɓar kuɗi daga sabon shiga. Abin da Yacou ya yi shi ne tattara wannan iko da ke warwatse ya mai da shi hannu ɗaya. Jaridun Abijan sun ruwaito cewa yana da dakaru daga cikin fursunoni masu yi masa gadi da aiwatar da hukuncinsa, yana da kaso a cinikin da ake yi cikin gidan, tun daga abinci da wayar salula har ƙwaya, yana karɓar kuɗi daga masu ziyara, yana kuma shirya bukukuwa a fili. Jaridun da ke goyon bayan Gbagbo sun zarge shi da gallaza wa 'yan ɓangarensu da ke tsare a gidan, suna cewa da sanin hukuma yake yi.

Ko an karɓi wannan zargi ko ba a karɓa ba, akwai tambayar da ba ta da wata amsa sai guda: bindiga da harsashi da ƙwaya ba sa tsiro a cikin kurkuku, ta ƙofa suke shiga, ƙofar kuwa ma'aikatan gwamnati ne ke tsaronta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mulkin Yacou ya yi wa mutane da yawa amfani, domin ya rage wa hukumar gidan wahalar kula da dubban mutane, ya samar wa wasu ma'aikata abin sawa a aljihu, ya kuma sa shugabanni a waje suna iya cewa gidan yari lafiya lau yake. Waɗanda suka biya kuɗin wannan zaman lafiya su ne fursunan da ba shi da kowa, da matar da ta tara kuɗin kwano ɗaya na abinci ta zo da shi daga nesa aka ce sai ta biya kafin ya isa ga mijinta, da baƙon da aka tsare shekaru yana jiran shari'a ba shi da lauya.

Ranar Asabar 20 ga Fabrairun 2016 rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Yacou da gandurobobi, aka yi musayar wuta, jami'an tsaro suka shigo daga waje. Mutum 10 suka mutu, fursunoni tara, Yacou a cikinsu, da ganduroba ɗaya. Kasancewar fursunoni sun iya mayar da wuta da bindigar yaƙi ya tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa game da gidan. Mutuwarsa kuma ta rufe bakin mutumin da ya fi kowa sanin ta hannun wa makaman suka shiga.

Magada a Kan Titi

A daidai lokacin da Yacou ke mulkin kurkuku, wani sabon rukuni ya bayyana a titunan Abobo da Attécoubé da Adjamé, wanda jama'a suka sa wa suna mikrob, wato ƙwayoyin cuta, gwamnati kuma take kiransu yaran da suka saɓa wa doka. Yara ne da matasa, da yawansu ba su kai shekara 18 ba, masu afka wa kasuwa ko layi a gungu da adduna da wuƙaƙe, wasunsu kuma sun yi wa mayaƙa aike da leƙen asiri a 2011. Shahararren jagoransu a Attécoubé, wanda ake kira Zama, jama'ar unguwa ne suka kashe shi a Afrilun 2015, kuma labarinsa da na MACA su ne ginshiƙin fim ɗin La Nuit des rois na Philippe Lacôte da ya fito a 2020. Gwamnati ta kafa rundunar CCDO a 2013, ta yi samame iri-iri, ta kai wasu yaran cibiyar gyaran hali a M'Bahiakro, amma yaron da aka gyara idan ya dawo unguwa yakan tarar da tsohon ubansa yana nan, tashar da ake karɓar kuɗi tana nan, gidan sayar da ƙwaya yana nan.

Ɗan kasuwa baƙo shi ne ya fi rauni a irin wannan yanayi. Mai sayar da garba, da mai shayi, da mai tura baro, da mai tallan agogo da tabarau, suna fita da asuba ko su kai dare, kuɗinsu a jikinsu yake, kuma wanda takardunsa na zama ba su cika ba yana tsoron ofishin 'yan sanda kamar yadda yake tsoron ɗan daba. Saboda haka yakan biya ya yi shiru, shirun nasa kuma ya zama riba ga masu karɓa.

Kammalawa

Mai karatu a Kano ko Gombe ko Damagaram ba zai ga wannan labari baƙo ba. 'Yan bangar siyasa sun kasance a Kano tun zamanin hamayyar jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, 'yan daba suka gaje su, Gombe ta san 'yan kalare, Bauchi ta san sara-suka, Damagaram kuma ta san matasan da ke taruwa a majalisun da suke kira pale. A duk waɗannan wurare ɗan siyasa yakan ɗauki matashi lokacin zaɓe, ya ba shi kuɗi da ƙwaya da tabbacin beli, ya yar da shi bayan an rantsar da shi, matashin kuma ya juya makaminsa kan maƙwabtansa. Abin da ya bambanta Kodebuwa shi ne yaƙi ya sa wa irin waɗannan matasa rigar soja, kurkuku kuma ya ba ɗayansu ƙasar da zai mulka.

Yacou ya aikata laifuffukansa da zaɓinsa, kuma waɗanda ya cuta sun cancanci a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai al'ummar da ke son kada wani ya hau kujerar da ya bari dole ta nemi abubuwa huɗu daga hukuma: a rage cunkoson gidajen yari ta hanyar gaggauta shari'ar masu jiran hukunci, a biya gandurobobi albashin da zai riƙe su tare da hukunta wanda ya shigar da makami, a mayar da harajin tashoshin mota hannun hukumar da ke ba da rasit, a kuma gurfanar da mai ɗaukar nauyin ɗan daba a gaban kotun da ake gurfanar da ɗan daban. Shugabannin Hausawa mazauna Adjamé da Treichville su ma suna da rawar takawa, ta hanyar taimaka wa 'yan'uwansu su mallaki takardun zama, da tsaya musu idan za su kai ƙara, domin wanda ke da inda zai kai kuka ba ya saurin miƙa kuɗinsa ga mai adda.